Takardar Iznin Ɗaukar Bindiga a Ɓoye: Yadda Dokar Amurka Take, da Abin da Ya Shafi Ɗan Nijeriya



Maganar da zan yi yau ta wata ƙasa ce mai nisa, watau Amurka, kuma mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu da dokar bindigar mutanen da ke bayan teku. Ruwanmu kuwa shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu suna can da yawa, waɗansu karatu ya kai su, waɗansu aiki, waɗansu ciniki, waɗansu kuma sun zauna har sun yi iyali. Yaro yakan sauka a ƙasar ya tarar ana sayar da bindiga a kanti, ya ga maƙwabcinsa yana da ita, sai ya zaci abu ne da kowa ke yi yadda ya ga dama. Baƙo kuwa, in ji masu iya magana, ko da ido makaho ne. Saboda haka zan bayyana yadda doka ta tsara ɗaukar bindiga a ɓoye a can, musamman wajibcin riƙe takardar izni a jiki, sa'an nan in dawo gida in faɗi abin da dokarmu ta ce.

Da farko sai mu san abin da ake nufi da ɗaukar bindiga a ɓoye. Shi ne mutum ya fita cikin jama'a da ƙaramar bindiga, irin wadda muke kira libarba, a soke a ƙugu ƙarƙashin riga, ko a aljihu, ko cikin jakar hannu, yadda mai wucewa ba zai gan ta ba. Ajiye bindiga a gida wani abu ne dabam, fita da ita wani abu ne dabam, kuma dokokinsu ba ɗaya ba ne.

Tushen al'amarin yana cikin tsarin mulkin Amurka. A gyara na biyu da aka yi masa, wanda ya fara aiki a 1791, an ambaci haƙƙin jama'a na mallakar makamai da ɗaukarsu. Shekaru masu yawa ana gardama a kan ma'anar wannan sashe, har 2008 da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa haƙƙi ne na mutum shi kansa, yana iya ajiye bindiga a gidansa don kare kai. A 2010 ta ƙara da cewa wannan hukunci ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi. Ran 23 ga watan Yuni na 2022 kuma, alƙalai shida suka rinjayi uku, kotun ta soke wani sharaɗi na jihar Niyok mai tsohon tarihi, wanda ya ce sai mai neman izni ya nuna wani dalili na musamman kafin a yarda ya fita da bindiga. Tun daga ranar ba a tambayar Ba'amurke dalilinsa. Amma kotun ba ta hana jihohi neman takarda ba, kuma a nan ne maganarmu take.

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ba talaka wannan takarda. Jihohi ne ke bayarwa, kowace da dokarta. A wata jiha ofishin ɗan sandan gunduma ne ke bayarwa, a wata 'yan sandan jiha, a Filorida kuwa, abin mamaki, ma'aikatar aikin gona ce. Galibi sai mutum ya cika shekara 21, a ɗauki hoton yatsunsa, a bincika ko an taɓa ɗaure shi a kan babban laifi ko dukan iyali, ya kuma halarci horo. Niyok, bayan hukuncin 2022, ta sa horon sa'a 16 a aji da sa'a 2 a filin harbi. Takardar tana da wa'adi: shekara 5 a Minesota, shekara 7 a Filorida. In wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ta zama takardar ƙunshe ƙosai.

Jihar Ilinoi ce ta ƙarshe da ta yarda da ɗaukar bindiga a ɓoye, a 2013. A ɗaya ɓangaren kuma akwai jihohin da suka ce ba sai da takarda ba. Bamont ba ta taɓa nema ba tun asali. Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, Tekzas a 2021, Filorida a 2023, har suka wuce rabin jihohin ƙasar. Ko a waɗannan ma mutane da yawa suna ci gaba da karɓar takardar, domin tana da amfani in za a ƙetare iyakar jiha, kuma ita ce ke fid da mutum daga wata dokar tarayya ta 1990 da ta hana zuwa da bindiga cikin ƙafa 1,000 daga harabar makaranta, in dai jihar da makarantar take ita ce ta ba da takardar.

To, yanzu mu zo ga ainihin batun. Samun takarda bai wadatar ba. A yawancin jihohin da ke nemanta, tilas ne ta kasance a jikin mai ita duk sa'ad da bindigar ke jikinsa. Bari in ɗauki jihohi biyu in yi bayaninsu dalla-dalla, domin sun nuna fuskoki biyu na dokar.

A Minesota, dokar da aka kafa a 2003 ta ce mai izni ya riƙe katin izninsa tare da lasin tuƙi ko wani katin shaida na hukuma mai hoto, su biyun a inda hannunsa zai kai nan take, ya kuma nuna su in ɗan sanda ya nema bisa doka. Dalilin haɗa su biyu a fili yake: kati ɗaya yana cewa an ba wane izni, ɗayan yana tabbatar da cewa mai riƙe da shi shi ne wanen. Har ma ɗan sanda yana da ikon ya ce wa mutum ya sa hannu a gabansa, don a gwada da sa hannun da ke hannun hukuma. Wanda ya mance katinsa a gida ya yi ƙaramin laifi, tararsa a karon farko ba ta wuce dala 25, kuma in ya je kotu ko ofishin ɗan sandan da ya kama shi ya nuna cewa yana da izni a ranar, sai a kori ƙarar. Game da faɗa wa ɗan sanda cewa akwai bindiga, Minesota ta ce sai in an tambaya. Amma in an tambaya, tilas a faɗi gaskiya.

Mishigan ta fi tsanani. A can ma sai an riƙe takardar izni da katin shaida na jiha, wanda ya kasa nunawa tararsa dala 100 ce, kuma ɗan sanda yana iya karɓe bindigar nan take, a ba mai ita kwana 45 ya kawo takardarsa kafin ya karɓi abinsa. Sa'an nan ga wani sharaɗi na biyu: da zarar ɗan sanda ya tsai da mutum, to, wajibi ne ya faɗa masa nan da nan cewa yana ɗauke da bindiga, a jikinsa ko cikin motarsa, ba tare da jiran tambaya ba. Wanda ya yi shiru, a karon farko tarar dala 500 ce, a kuma dakatar da izninsa wata 6. In ya sake cikin shekara 3, tarar dala 1,000 ce, a soke iznin ɗungum. Ku lura da wannan bambanci: mantuwar kati dala 100, ɓoye magana dala 500 da dakatarwa. Masu dokar sun fi jin tsoron bindigar da ɗan sanda bai san da ita ba fiye da takardar da aka bari a aljihun wata riga.

Sauran jihohi suna tsakanin waɗannan biyu. Ohayo ta daɗe tana bin hanyar Mishigan, a 2022 ta sauya ta koma sai an tambaya. Filorida kuwa, ko da ta daina neman izni a 2023, ta bar sharaɗin riƙe katin shaida ga duk mai ɗauke da bindiga a ɓoye, da tarar dala 25 ga wanda ya saɓa.

Wani zai ce ai waɗannan tarori ba su taka kara sun karya ba. Haka ne. Amma tarar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin lamarin. A jihar da ke neman izni, fita da bindiga a ɓoye ba tare da izni ba laifi ne babba, a waɗansu jihohi na ɗaurin shekaru. Ɗan sandan da ya tarar da bindiga a jikin mutum da tsakar dare a bakin hanya ba shi da abin da zai bambance mai izni da marar izni da shi sai wannan ɗan kati, ko abin da na'urar motarsa ta nuna masa in jihar tana ajiye sunayen a inda zai gani. In babu ko ɗaya, ba abin mamaki ba ne mutum ya kwana a tsare kafin gari ya waye a gane gaskiyarsa. Shi ya sa masu koyarwa a can suke cewa a ajiye katin tare da lasin tuƙi wuri ɗaya, kada kuma a sa su a aljihun da ke kusa da bindigar.

Wannan shawara ta ƙarshe tana da labari mai ɗaci a bayanta, kuma ina ganin bai kamata in tsallake shi ba. Ran 6 ga watan Yuli na 2016, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Sen Fol a Minesota, ɗan sanda ya tsai da motar wani baƙar fata mai suna Philando Castile, ɗan shekara 32, ma'aikacin ɗakin abinci na wata makarantar yara. Yana da izni cikakke. Ɗan sandan ya nemi lasin tuƙi da takardar inshora. Castile ya miƙa ta inshorar, sa'an nan ya gaya masa cikin ladabi cewa akwai bindiga a jikinsa, alhali dokar jihar ba ta tilasta masa faɗi ba tun da ba a tambaye shi ba. Ɗan sandan ya ce kada ya taɓa ta, shi kuma ya ce ba ita zai ɗauko ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harba harsashi bakwai. Budurwarsa da 'yarta 'yar shekara 4 suna cikin motar. Castile ya rasu, aka gurfanar da ɗan sandan, a watan Yuni na 2017 kotu ta sallame shi.

Ba ni da hurumin sake shari'ar da kotun wata ƙasa ta gama. Abin da zan ce shi ne, mutumin nan ya cika duk abin da takarda ta nema, har da ƙari, bai kuwa tsira ba. Umurni biyu ne suka ci karo a kansa: kawo lasinka, kada ka motsa hannunka. Saboda haka abin da ake koya wa masu izni shi ne, in an tsai da mutum ya kashe mota, ya sauke gilashi, in dare ne ya kunna fitilar ciki, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya faɗi da baki inda bindiga take da inda kati yake, kada ya kai hannu ko'ina sai an ce ya kai. Ɗanmu da ke can, ko ba shi da bindiga, ya riƙe wannan tsari, domin ɗan sandan ƙasar da bindiga ta yi yawa a hannun jama'a yana zaton ta a kowace mota.

Abu na gaba shi ne iyakar jiha. Takardar da jiha ɗaya ta bayar ba lalle ne ta yi aiki a maƙwabciyarta ba, sai in akwai yarjejeniya tsakaninsu ko dokar jihar ta amince da ita. Lasin tuƙi yana aiki ko'ina a ƙasar, shi ya sa mutane ke zaton na bindiga ma haka yake. A watan Oktoba na 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu daga birnin Filadalfiya, Shaneen Allen, ta ƙetara zuwa jihar Niyu Jasi da bindigarta a jaka da iznin jihar Fensilbaniya a hannu. Da aka tsai da ita a kan laifin tuƙi, ita da kanta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga, ta nuna takardarta. Aka kama ta, domin Niyu Jasi ba ta san da takardar kowace jiha ba sai tata. Ta yi makonni a tsare, tana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 3 da rabi ba. Sai da jama'a suka yi ca kafin a sassauta mata, daga baya gwamnan jihar, Chris Christie, ya yi mata afuwa a 2015. Tafiyar da ta jawo mata wannan ba ta kai ta Kano zuwa Kaduna ba.

Haka kuma akwai wuraren da takarda ba ta shiga da mai ita ko a cikin jiharsa: gidan waya, kotuna da ofisoshin gwamnatin tarayya, da bayan shingen bincike na filin jirgin sama. A 2023 kaɗai masu binciken filayen jiragen sama na Amurka sun tsinci bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu na fasinjoji, mafi yawansu da harsashi a ciki. Amsar da aka fi ji daga masu su ita ce sun manta.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu, kuma ina roƙon iyayen da ke da 'ya'ya a can su isar musu da shi. Duk bayanin da na yi na ɗan ƙasa ne, da kuma baƙon da ya sami katin zama na dindindin, wanda ake kira koren kati. Wanda ya shiga Amurka da bizar karatu, ko ta ziyara, ko ta aiki na ɗan lokaci, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, tun gyaran da aka yi a 1998 ga dokar bindigogi ta 1968. An keɓe 'yan kaɗan, kamar wanda ke da lasin farauta mai aiki, da waɗansu jami'an gwamnatocin waje. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, shi babu wata keɓewa gare shi. Hukuncin a da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ne, a 2022 aka ɗaga shi zuwa 15, bayan haka kuma ga kora daga ƙasar. Kuma kalmar mallaka a dokarsu tana da faɗi. Ba sai ka saya ba. Riƙe ta a hannu, ko ajiye wa aboki ita a ɗakinka, yana iya isa. Ɗalibin da abokansa suka ja shi filin harbi ran Asabar don nishaɗi, ya ɗauki hoto da bindiga ya sa a Facebook, to, ya rubuta shaida a kan kansa da hannunsa. Kasancewar jihar da yake zaune ba ta neman izni ba ta fid da shi, domin dokar tarayya tana sama da ta jiha.

Mu dawo gida. A Nijeriya tsarin mulki bai ba kowa haƙƙin ɗaukar makami ba. Alfarma ce hukuma ke yi wa wanda ta ga ya cancanta, tana kuma iya janyewa. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: igwa, bama-bamai, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja, da kuma libarba da duk ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da ta farauta, da ta iska, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku bindigogin gargajiya ne da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na maharbanmu, su kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke da ikon sa musu lasin da yardar Gwamna.

Kun ga ke nan ainihin bindigar da Ba'amurke ke neman iznin ɓoyewa a ƙugu, a wurinmu tana jeri ɗaya da igwa. Babu wata takarda a dokarmu mai kama da tasu, kuma wanda ya dawo da katin wata jihar Amurka a aljihu, to, kati ne kawai. Ba ya halatta masa shigo da bindiga ta tashar ruwa ko ta filin jirgi, ba ya halatta masa riƙe ta. Shigowa da makami yana da nasa lasin dabam.

Dokar ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda ganinsa ya raunana, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Wanda aka kama da bindiga ta kashi na farko ba lasin, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ta kashi na biyu yana iya kai shekara 5. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasin, saboda yawan makaman da ke yawo a hannun jama'a.

Mai lasin a nan gida shi ma yana da nasa nauyi, kuma ya yi kama da na can. In ɗan sanda ya nemi ganin lasin, da bindigar da harsashin da aka rubuta a cikinsa, wajibi ne a nuna. Saboda haka maharbin da zai fita daji ko manomin da zai kai bindigarsa gona ya sa lasin a aljihu, cikin leda don kada gumi ko ruwan sama ya lalata shi. Lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba. Ba a ara wa ƙane, ba a ba mai gadi, kuma ɗa ba ya gadonsa kamar yadda yake gadon gona. In mai bindiga ya rasu, magada su sanar da 'yan sanda tun kafin a zauna rabon gado. In kuwa ta ɓace, ko an sace ta, ko ta lalace, doka ta ba mai ita kwana 14 daga ranar da ya sani ya kai rahoto ga hukumar da ta ba shi lasin, ya kuma bayyana yadda abin ya auku.

Wanda ke da tambaya a kan lasinsa ya tafi hedkwatar 'yan sanda ta jiharsa da takardunsa na asali. Wanda kuma ke ƙasar waje ya tuntuɓi ofishin kula da ɗaliban ƙetare na makarantarsa, ko lauya mai lasin a jihar da yake zaune, kafin ya taɓa ko da harsashi ɗaya.